Langa Mai Jan Fure

Lahadi, 14 ga Disamba, 2025

Bayan la'asar saƙon Malam Irmiya ya shigo. Wejdan ce ta karanta mini, domin tabarauna yana ɗaki, ita kuma 'yar tawa ba ta iya jiran mutum ya tashi ba. Da ƙyar ta bi Hausar, kalma ɗaya bayan ɗaya:

"Akawu, ina gaisuwa. Asibiti sun sallame ni daga aiki, an buga mini khuruj niha'i. Jirgi ranar 28. Shayi ranar Alhamis 25, ƙarfe huɗu, kamar yadda aka saba. Wannan ne na ƙarshe."

Khuruj niha'i. Fita ba dawowa. Shekara talatin da huɗu yana gwajin jinin mutanen garin nan na Jidda, yanzu hatimi ɗaya ya gama magana.

Ta ce, "Abuya, za ka je?" Na ce zan duba. Ta ɗaga ido ta kalli saman kabad ɗin kicin, inda langar take. Da ma ta yi magana, da ya fi mini sauƙi.

Talata, 16 ga Disamba

Na sauko da langar. Da kaina na hau kujera, abin da likita ya hana. Jan furen da ke murfin yana nan, da ɗan ɓallin da ke bakinta tun shekarar da Wejdan ta yar da ita a matakala.

Ina so in rubuta al'amarin nan a tsare, ko zan ga inda na ɓata.

A 1991 muka haɗu da Irmiya. Na kai Wejdan gwajin jini tana da shekara huɗu, tana ihu, ina lallashinta da Hausa. Mutumin da ke riƙe da allurar ya ɗago kai ya ce, "Wannan Hausar ta Zazzau ce, ko daga barci aka tashe ni." Na ce Tudun Wada. Ya ce Wusasa. Da jin sunansa na san Kirista ne, shi ma da ganin carbin hannuna ya san ko ni wane ne, kuma ba mu taɓa mai da wannan abin muhawara ba. Tsakanin gidan mahaifina da na mahaifinsa tafiyar keke ce, amma sai da muka ƙetare teku muka san juna. Yana ce mini Akawu saboda aikina a kamfanin jiragen ruwa, ni ina ce masa Likita ko da yake kullum sai ya musanta.

Matanmu ne suka ƙulla sauran: marigayiya Ikilima, da Rifkatu matarsa. Kowace Ƙaramar Sallah langar nan takan tafi gidansu cike da alkakin Ikilima. Ta zauna can har Kirsimeti, sannan ta dawo da cincin ɗin Rifkatu. Ni ne ɗan dako: in kai ta da Sallah, in ɗauko ta ranar shayi. Langa ɗaya, shekara talatin. Ba ta taɓa tsallake ƙofa wofi ba, ba ta kuma taɓa ɗaukar abin kanti ba. Ƙa'idar Ikilima ke nan, abin da hannun gida bai yi ba, ba ya shiga cikinta.

Ikilima ta rasu a Nuwamban 2022, Allah Ya ji ƙanta. A Disambar shekarar ban fita ba. Irmiya ya kawo langar da kansa, ya zauna kusan sa'a guda, ya yi addu'a, ya tafi. Tun daga ranar tana gidana. Sallah ta zo, babu mai yin alkaki. Wejdan haihuwar Jidda ce, kabsa da sambusa ta iya. Ta ce mu sayo kayan zaƙin Larabawa, ma'amul, a kanti mu cika ta, na ƙi. Na ce bari Babbar Sallah. Babbar Sallah ta wuce. Da Disamba ta zagayo ya gayyace ni shayi, na rasa idon da zan shiga gidansa da shi ba langa, sai na ce gwiwa ke ciwo. Bara ma gwiwa. Daga nan ya daina kira, sai gaisuwar Sallah a rubuce.

Na sake karanta abin da na rubuta. Dattijo mai shekara saba'in da huɗu. A kan kwano.

Laraba, 17 ga Disamba

Ban amsa saƙon ba tukuna.

Juma'a, 19 ga Disamba

Daga masallaci na biyo ta babban titin Sharafiyya a ƙafa. A wani kanti na ga fitilu ja da kore, da 'yan ƙwallaye masu ƙyalli, kayan Kirsimeti a fili, mutane suna wucewa ba wanda ya waiwaya. Na tsaya na ɗan jima.

A zamaninmu labule ake saki. Irmiya yakan karyo reshen darbejiya ya kafa a gwangwanin madara, ya yayyafa masa audugar asibiti, wai ƙanƙara ce, shi da bai taɓa ganin ƙanƙara tana sauka ba. Kaset yana rera waƙoƙin cocinsu da Hausa, ƙasa-ƙasa, yadda maƙwabci ba zai ji ba. Farin ƙyalle a kan tebur. Butar shayi ta tangaran, gadon mahaifinsa wanda ya yi wa Turawan mishan kuku shekara ashirin. Daga wurinsa ya gaji dokokin ma: a ɗauraye butar da ruwan zafi tukuna, a jira minti biyar cif, madara kafin shayi, kofi a kan faranti. Ƙarfe huɗu, ba huɗu da kwata ba.

Kowace shekara sai na ce masa shayi na gaskiya a ƙaramin gilashi yake, da na'a-na'a. Kowace shekara sai ya ce, "Wannan ai jiƙo ne, Akawu, na masu ciwon ciki." Matan suna kicin, ana jin dariyar Ikilima, irin wadda take ƙarewa da tari.

Da an kira magariba yakan kashe kaset ɗin da kansa, ya jawo wata koriyar darduma daga bayan ƙofa, ya shimfiɗa mini ita daidai alƙibla. Ban taɓa tambayarsa yaushe ya saye ta ba. Ban taɓa gode masa ba ma, in na tuna daidai. Irin abin da ba a godewa ne, ko haka nake gani a lokacin.

Lahadi, 21 ga Disamba

Wejdan ta gaji da ni. Tana yanka albasa ta ce, "Abuya, aib. Wallahi aib. Ammu Irmiya zai tafi, kai kana zaune da kwano. Halas, ka kai masa haka, ko ka je ba shi." Na ce ba a yin haka. Ta ce, "Wa ya ce?" Na ce uwarki. Sai ta goge ido, ta ce albasar ce.

Gobe zan je unguwar Kurayyat wurin Hajiya Mastura. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san alkakin Ikilima. Zan roƙe ta ta yi mini.

Litinin, 22 ga Disamba

Hajiya Mastura Bahaushiyar Sudan ce, ƙawar Ikilima tun muna sababbin zuwa. Har yanzu tana sayar da kuka da daddawa da kanwa a ƙofar gidanta. Mun gaisa yadda ya kamata, ta ba ni kujera, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ƙi. Kai tsaye.

"Hannun gida Ikilima ta ce, ba hannun Kurayyat ba. Kai ba ka da hannu ne, Alhaji?"

Na ce ban taɓa ba. Ta ce, "Shekara arba'in kana ci, ko sau ɗaya ba ka leƙa ka ga yadda ake yi ba? Ya salam a kan maza."

Sannan ta faɗi abin da ya hana ni cin abincin rana. Ashe Rifkatu ta koma gida tun bara, ta riga mijin domin ta gyara musu wuri. Ban sani ba. Ta zo yi wa Hajiya Mastura sallama, kuma a bakin ƙofa ta tambaye ta, cikin ladabi, ko wani ne ya yi mini wa'azi a kansu bayan rasuwar Ikilima. Wai sun ga na janye, sun ce in addinina ne ya hana, ba za su matsa mini ba.

Shekara uku ke nan suna zaton ƙyamarsu nake yi. Ni kuwa ina nan ina tsammanin kunyata a ɓoye take, ba ta taɓa kowa ba sai ni.

Na ciro takarda na ce ta faɗa in rubuta. Ɓarzajjiyar alkama, wadda ake ce wa jarish a nan. A murza ta da mai har ta yi laushi, a zuba nono, a kwaɓa da tauri, a rufe ya kwana. Kafin suya, ruwan kanwa kaɗan. A murɗe kamar igiya, a naɗe. Wuta ƙasa-ƙasa. A tsoma cikin ruwan sukari da lemun tsami. Na tambaye ta nawa ne "kaɗan". Ta ce, "Kaɗan kaɗan ne, ba a auna shi da biro." Ta ƙulle mini kanwa a leda, ta ce Ikilima takan zaɓi waɗanda suka fi kyau ta sa a langa, karyayyun ta bar mana a gida. Wannan ma ban sani ba. Ina zaton haka alkaki yake, a karye.

A cikin tasi na rubuta wa Irmiya: "Zan zo, in Allah Ya yarda." Ya amsa kafin mu kai Sharafiyya: "Ƙarfe huɗu."

Talata, 23 ga Disamba

Na kwaɓa. Kafaɗuna sun gaya mini shekaruna. Wejdan ta tsaya a ƙofa da waya za ta ɗauki hoto, na kalle ta, ta mai da ita aljihu.

Laraba, 24 ga Disamba

Kaskon farko ya ƙone, hayaƙi har matakala, maƙwabciya ta aiko ko lafiya. Na biyu ya watse cikin mai kamar tsaki. Wejdan ta ce, "Yalla, Abuya, matsa," na ce ta riƙe wuta kawai, murɗawa tawa ce. Na uku ya tsaya.

Sha bakwai suka tsira. Ba su yi kama da na Ikilima ba ta kowace fuska, wasu kamar ƙullin igiyar jirgin ruwa. Na ɗanɗana ɗaya, sai da na koma gefen da haƙoran suka fi ƙarfi. Amma ƙamshin da ya cika kicin ɗin nata ne. Na fita baranda na ɗan tsaya.

Na wanke langar sau biyu, na jera su, masu ɗan kyaun a sama. Na ɗaure da ɗankwalinta mai ruwan toka, yadda takan yi.

Alhamis, 25 ga Disamba

Na isa unguwarsu, bayan kasuwar Balad, huɗu saura minti goma, na zagaya layin sau ɗaya domin kada in riga lokaci. Iska mai daɗi daga teku. Matakalar gidan ta ƙara tsawo tun rabona da ita.

Ya buɗe kafin in ƙwanƙwasa. Ya rame, kan ya yi fari fat. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Akawu. Gwiwar ta warke?"

"Da sauƙi, Likita."

"Ikon Allah. Gwiwar da ba ta ciwo sai Disamba."

Falon duk kwalaye ne, an ɗaɗɗaure, an rubuta Zariya a jikin kowanne. Labule a buɗe, rana har tsakar ɗaki. Amma teburin yana nan da farin ƙyallensa, da reshen darbejiya a gwangwanin madara, da audugarsa. Komai ya shiga kwali ban da butar tangaran da kofi biyu.

Na ajiye ƙullin a kan tebur. Ya gane ɗankwalin kafin ya gane langar. Ya jima bai taɓa ba. Da ya buɗe murfin ya leƙa, sai ya ce, "Wane ne ya yi wannan aika-aika?"

Na ce ni ne.

Ya ɗauki ɗaya ya gatsa, ya tsaya, ya dafe muƙamuƙi. "Haƙorana biyu na roba ne, Akawu, ka ji tsoron Allah." Sai ya turo mini farantin cincin, baƙi ƙirin a gefe ɗaya. Wai Rifkatu ce ta koya masa ta waya, layin yana yankewa daidai wurin da ta ce a sauke. Na ce ashe aika-aikar ba a gidana kaɗai aka yi ta ba. Muka tsoma nawa da nasa cikin shayi, muka jira su yi laushi. Madara kafin shayi. Ban yi gardamar na'a-na'a ba, har sai da ya ce, "Ba za ka ce komai a kan jiƙonku ba?" Na ce bana na yafe.

A kofi na biyu na faɗa masa. Na shirya maganar tun a tasi, da gabatarwa da komai, amma abin da ya fito gajere ne. Na ce ba wanda ya yi mini wa'azi, ba wanda ya hana ni. Langar ce. Ban da abin zubawa a ciki, na kasa kawo ta wofi, na kuma kasa zuwa ba ita.

Ya ajiye kofinsa a kan faranti a hankali.

"Shekara uku, Abdulghaffar. A kan langa."

Na girme shi da shekara takwas, bai taɓa kiran sunana ba sai yau. Ban ga laifinsa ba.

Ya ce, "Da ka kawo ta wofi, wa ya fi ni sanin dalili? Ni fa na zauna da kai ranar. Kullum in na ɗauki waya sai in ce, kada in sa mutumin nan ya zaɓa tsakanina da Ubangijinsa. Sai in ajiye."

Na ce ya yafe mini. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin ƙyallen tebur, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce shayina yana hucewa.

Wajen biyar da kwata Rifkatu ta kira ta bidiyo daga Wusasa, jikoki suna ta hayaniya a bayanta. Da ta gan ni ta rufe baki da hannu, sannan ta gaishe ni har da rusunawa, ta yi mini ta'aziyyar Ikilima sabuwa kamar jiya aka yi. Irmiya ya nuna mata cikin langar. Ta matso da fuska.

"Alhaji, wannan alkaki ne ko tubali?"

Na ce hannun gida ne. Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta goge ido da gefen zane.

Na tambaye ta abin da ban taɓa sani ba: langar ta wace ce a cikinsu, domin in ta gidansu ce, ga ta na dawo da ita. Ta ce a kasuwar Balad Ikilima ta saye ta, suna tare, kuma a wurin ta ce, ba tawa ba ce, ba taki ba ce, ta hanya ce. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa mijinta: "Baban Ladi, kada ka kuskura ka sa ta a kwali. Yau juyinmu ne."

Aka kira magariba. Ya kashe waƙar da ke tashi a wayarsa, ya miƙa hannu bayan ƙofa. Koriyar dardumar. Duk gidan an kwashe, ita tana inda take. Wannan karon na ce na gode. Ya ce, "Yi sallarka, Akawu, lokaci yana tafiya."

Da na sallame na tarar ya juye alkakin a gwangwani, wai guzurin jirgi, in jami'an filin ba su ɗauke shi makami ba. Ya wanke langar, ya cika ta da ƙonannen cincin ɗinsa, ya ɗaure da ɗankwalin, ya ɗora mini a hannu.

"Mun fita namu. Sallah taka ce. Gidan ba wuya, bayan coci, mai bishiyar mangwaro biyu."

Na ce ya san rabona da Zariya tun jana'izar mahaifiyata a 1998. Na ce Ikilima a nan take kwance, kuma na riga na gaya wa kowa ba inda za ni.

Ya ce, "Ban ce ka tare ba. Langa na ce ka kawo."

Ina saka takalmi na ga ya naɗe dardumar, ya buɗe wani kwali da ya riga ya ɗaure, ya sa ta a ciki. Bai dube ni ba. Ya ce za a buƙace ta a can.

Juma'a, 26 ga Disamba

Cincin ɗin yana da ɗaci. Na ci bakwai.

Na je maƙabarta bayan Juma'a. Na yi mata addu'a, na kuma gaya mata cewa na gano zancen karyayyun.

Lahadi, 28 ga Disamba

Abdulelah mijin Wejdan ya kai mu filin jirgi. Ba a yi dogon sallama ba, layin ya yi tsawo. Irmiya ya riƙe butar tangaran a jakar hannu, naɗe cikin farin ƙyallen, ya ƙi a auna ta da kaya. Daga bayan shinge ya juyo ya ɗaga yatsa huɗu. Wejdan ta tambaye ni me yake nufi. Na ce mutumin ba ya son a makara.

Jidda ta yi faɗi a hanyar dawowa.

Laraba, 31 ga Disamba

Ya isa lafiya. Rifkatu ta aiko cewa jikoki sun gwada alkakin, ɗaya ya tambaya ko na wasa ne.

Langar ban mai da ita saman kabad ba. Hawa kujera ba shi da kyau ga mai shekaruna, shi ke nan dalili.

Da safe na tambayi Abdulelah, tunda iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashinsa take, yadda ake yin khuruj wa auda yanzu, fita da dawowa, da kwana nawa ake ba mutum. Domin sani kawai. Na kuma duba fasfo, ashe ya ƙare tun bara. Bai kamata mutum ya zauna da matacciyar takarda ba, ko ba inda za shi.

Da la'asar na sake kwaɓa ɗan jarish, rabin na wancan karon. Wejdan ta shigo ta tsaya. Na ce kada sauran kanwar Hajiya Mastura ta lalace. Ta ce, "Abuya, kanwa ba ta lalacewa." Ina ganin mai ne ya yi kaɗan a wancan, shi ya sa taurin.

Kwana saba'in da tara zuwa Ƙaramar Sallah, ko tamanin, gwargwadon ganin wata. Ba ƙirgawa nake ba.